Tsakanin Sifirin da Madigadi

Motar ta mu biyu ce, ni da Yayana, gadon mahaifinmu. Tsohuwar akori-kura ce mai jan ƙafa huɗu, irin ta shiga daji. Yaya yana da rumfar atamfa a babbar kasuwa, bai iya tuƙi ba, bai kuma damu ya iya ba. Ni kuwa ban da sitiyari ban san komai ba a duniyar nan. Lokacin garinmu bai ba wa babban birnin ƙasa sunansa ba tukuna, Abuja ake ce masa, amma maganar sabon birni ta riga ta tashi, masu awon ƙasa sun shigo suna neman irin motarmu ruwa a jallo.

Aikina ɗauko doya daga wani ƙauyen Gbagyi can bayan Garam. Da rani lafiya lau. Da damina kuwa akwai wata fadama kafin ka isa ƙauyen, in ka shige ta da siraran tayoyi sai mota ta nutse har ciki, ka yini kana tonon taɓo da hannu. Ranar da na dawo gida da laka har gira, Yaya ya kalle ni sama da ƙasa.

Ya ce, "Kai, wannan daminar ce ta ƙarshe. In motar ta fito da sabuwar doya, a bar ta. In ta sake kafewa, wallahi sayar da ita zan yi, ka je ka nemi tuƙin motar wani."

Na ce, "Haba Yaya, motar Baba ce fa."

Ya ce, "Baba ma da yana da rai da ya gaji da ita."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba a ja da babba. Na tashi na fita.

Maganin taɓo faffaɗar taya, kowane direba ya san wannan. Na samu guda huɗu a gwanjon wasu masu aikin titi, tsofaffi amma da sauran zane. Na kai wa mai faci ya ɗaura, na fito ina jin kaina. Ban yi nisa ba na karya kwana, sai na ji ƙuuu daga ƙasa, mota ta tirje. Tayar gaba ce ke gogar sifirin, wato ƙarfen da ke tokare da nauyin mota, daga ciki. Taya ta yi faɗi, gurbinta bai ƙaru ba.

Aka ce in je Gauraka wurin wani tsohon mai walda, shi ke gyaran irin wannan. Na same shi a bakin titi yana gyangyaɗi a inuwar wata mushen tifa. Ya cire wili ɗaya, wato ƙarfen da ake ɗaura wa taya, ya nuna mini farantin da ke tsakiyarsa, mai ramukan noti.

Ya ce, "Ɗana, zaman taya duk a farantin nan yake. In na yanke shi na matsar da shi baya na liƙe, taya za ta fito waje ta rabu da sifirin. Amma in ta fito da yawa, madigadi, ƙarfen nan da ya rufe ta, zai yanke ta daga sama. Sai ka zaɓa, yatsa nawa?"

Na ce, "Baba, kai za ka faɗa."

Ya ce, "A'a. Ni yanka nake yi. Mai mota ke zaɓa."

Ka ji fa! Mutum ya tsufa yana yankan ƙarfe, amma yatsa biyu ko uku ya gagare shi faɗa. Na shiga ƙarƙashin mota da tsinken tsintsiya, na auna daga taya zuwa sifirin, na karya, na auna daga taya zuwa leɓen madigadi, na karya. Na jera tsinkayen a tafin hannuna ina kallo, tun a nan na ga wurin bai isa ba. Na ce ya matsar yatsa biyu. Ya yanka duka huɗun, ya liƙe, aka ɗaura, na juya sitiyari har ƙarshe: ƙuuu. Na ce ya mai da shi uku. Ya sake yankan inda ya liƙe, yana tsaki, ƙarfen ya yi baƙi ya yi tabo kamar gindin tsohuwar tukunya.

A yatsa uku gogar ta daina. Saura gwajin kaya. A garejin nan ba a gwada mota da duwatsu ko buhu, mutane ake kira. Tsohon ya ƙwala kira, masu zaman benci da 'yan dako da mai shayi suka ɗare bayan mota suna dariya. Ya shafa toka a leɓen madigadi, ya ce in zagaya. Na bi titi na dawo, aka leƙa, toka tana nan, taya ba ta taɓa ba. Aka yi ta yi mini barka. Na so in yarda, na kuwa yarda, amma mutum ba doya ba ne. Mutum in mota ta faɗa rami yakan ɗaga jikinsa ya dafe ƙarfe. Doya ba ta ɗaga komai.

Ranar kasuwar ƙauyen aka kwana ana ruwa. Na shiga fadamar ba kaya, mota ta bi ta kan taɓo ta wuce sumul, har na yi kabbara ni kaɗai. Manoma suka kewaye ta suna shafa tayoyin. Aka loda doya har ta yi tozo, don kowa ya ga ƙafafun motar ya ce za ta ɗauka. Ni ma ban hana ba. Ina so Yaya ya ga lodin da idonsa.

Da muka dawo fadamar, bodi ya riga ya zauna a kan tayoyi. Ramin farko, motar ta karkata hagu, na ji wani kaɗ-kaɗ-kaɗ, ƙaurin roba ya cika mini hanci. Madigadi ne ke yankan tayar baya. In na tsaya zan nutse, in na ci gaba zan yanke ta. Na taka. A tsakiyar fadama tayar ta fashe, nauyi duka ya koma kan wili, liƙin da aka yi sau biyu ya ɓalle. Na ga gewayen wilin da tayarsa sun kwanta a gefe cikin ruwa, faranti kawai ya rage a jikin mota. Innalillahi. Na kashe inji na zauna.

Matan ƙauyen suka zo da ƙwaryoyinsu, suka riƙa kwashe doyar suna saɓawa a kafaɗa, suna ratsa taɓon zuwa titi. Ba wadda ta yi mini faɗa. Wata tsohuwa ce kawai ta tsaya a tagar mota, ta ce da 'yar Hausarta, "Direba, sannu. Mako mai zuwa kada ka wahala ka zo." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Wani mai keke ya kai labari gari. Bayan la'asar sai ga Yaya a bakin fadamar, ya naɗe wandonsa, tare da wani mutum da ban taɓa gani ba, mai gajeren wando da hular kwano irin na masu awon ƙasa. Mutumin bai ko kalle ni ba, ya shiga zagaya motar yana ƙwanƙwasa bodi, yana leƙa inji. Ni ina durƙushe a cikin laka wajen wilin, ina ta laluben abin da na san ba zai gyaru ba.

Yaya ya ratso taɓon har inda nake, ya miƙo mini hannu. Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Na goge tafina a riga, na kama hannunsa zan miƙe.

Ya zare hannun ya sake miƙowa, ya ce, "Makullin."