Tayar Baya Ta Amsa, Malam Habu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina wanke mota a bakin get ɗin kamfaninmu a Sharada aka ce min Malam Habu mai faci ya rasu. Na ce wane Habun? Wanda muka rabu da shi ranar Asabar lafiyarsa ƙalau?

Shi ɗin ne. Ciwon ƙirji, daga dawowa masallaci.

Tun ɗazu na kasa zama wuri ɗaya, shi ya sa na shigo kafe in rubuta wannan ko zuciyata ta lafa.

Ku da kuka san ni kun san direba ne ni a kamfanin roba. Bara Manaja ya sayo wata mota 'yar Amurka, mai sensa a cikin kowace taya. Iska na raguwa, sai wata 'yar fitila ta kama a dashbod. Ran farko da na yi faci, wani ɗan gaggawa ya sa ƙarfe ya ɓalle sensar. Na tambayi 'yan uwana direbobi, suka ce in manna baƙin salatif a kan fitilar, kowa haka yake yi.

Malam Habu ne ya hana ni. Ya ce, "Ɗanjuma, fitilar ce ta dame ka, ko tayar?"

Da aka sa sabuwa, shi ya gano yadda ake yi wa sensa rajista don motar ta gane ta. Ni ina ciki da makulli, shi yana tsugune yana sace iskar taya a hankali har motar ta yi oda. Daga gaban direba ake farawa, a zagaya. Duk wadda ta yi oda sai ya ɗago ya ce, "Ta amsa." Kamar mai kiran sunan ɗalibai.

Bai taɓa bari na tafi ban sha ruwan randarsa ba. Ranar da matata ta haihu, rufe rumfarsa ya yi ya bi ni har Zawaciki. Yana yawan tsokanata wai ina tuƙi kamar mai bin ɓarawo.

Ranar Asabar muka juya tayoyi, na gaba suka koma baya. Uku suka amsa, ta bayan direba ta yi shiru. Muka sake daga farko, shiru. Ya ce sensarta ta mutu. Hankalina ya tashi, don Manaja ya gaji da ganin fitilar nan, ya rantse in ya gan ta yau Litinin in ajiye masa makulli. Wai ni nake lalata masa mota. Ni kuwa da aikin nan nake riƙe gida.

Na ce, "Malam, ku taimaka, ko salatif ɗin ne a sa na kwana biyu."

Ya harare ni. "Kai da za ka ɗauki mutane zuwa Kaduna? Je ka, ka dawo Litinin da wuri."

Haushi na ji, wallahi. Ko sallamar kirki ban tsaya yi ba.

Bayan mun dawo daga maƙabarta, ƙaninsa ya ja ni gefe ya miƙo min wata baƙar leda. Ya ce jiya Lahadi Malam ya hau acaɓa har kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa cikin ranar nan, ya yi ta bin shaguna, ya dawo ya ce a ajiye wa Ɗanjuma. Na buɗe, sensa ce.

Maƙwabcin rumfarsa ya sa min ita. Na murɗa makulli, na fito na tsuguna da kaina, na bi tayoyin yadda na ga Malam yana yi. Da na zo ta bayan direba na sace iska, na jira, motar ta yi oda. Fitilar ta mutu.

Na ɗago in ji an ce ta amsa. Benci ne kawai da randa.

A nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Allah ya jiƙan Malam Habu, ya haskaka kabarinsa, ya rufa wa iyalinsa asiri kamar yadda ya rufa min. Don Allah duk wanda ya karanta ya ɗan tsaya ya yi masa addu'a, ko da bai san shi ba.