Dutsen da Ya Sha Ruwan Douala

Baba Rabe magini ne, ɗan Figuil, can arewacin Kamaru inda ake fasa dutsen da ake ƙonawa a sami farar ƙasa. Shekara arba'in ke nan da ya sauka unguwar New Bell a Douala. Duk unguwa an san shi da abu guda: ba ya ɗora dutse a gini sai ya lasa. Wanda ya kama masa harshe, ya ce wannan mashayin ruwa ne. Wanda harshe ya zame a kai, ya ce wannan zai ga jikoki.

Da zai gina nasa gidan, ya ƙi bulon siminti irin na kowa, ya sa aka ɗauko masa duwatsu daga gida. Iri biyu suka zo. Akwai mai ruwan toka, jikinsa a matse kamar sabulu, ga wuyar sara. Akwai fari mai tsaki-tsaki, cike da ƙananan ƙofofi, da guduma ta taɓa shi sai ya bi hannu. Ya lashi farin, ya ji ya kama. Ya sani. Amma a Figuil, in dutse ya sha ruwa da safe, kafin la'asar rana ta karɓe abinta. Sai ya jera farin a ƙasa, sahu huɗu, ya ɗora mai tokan daidai idon mai wucewa.

"Malam, kai dai da son a yaba," in ji matarsa Delu.

"To, in ba a yabi magini a ƙofar gidansa ba, a ina za a yabe shi?"

Ƙasar Douala ba ta bushewa. Farin ya yi ta tsotsar laima daga ƙasa, har da gishirin da ke cikinta. Ya fara furfura, daga baya ya fara zubar da gari. Duk shekara Baba Rabe sai ya kwaɓa siminti ya shafe wurin tun kafin maƙwabta su lura.

'Yarsa Jannatu, wadda ta karanci ilimin duwatsu a jami'a, ta taɓa durƙusawa ta ƙwanƙwasa shafen, ta ji ƙara kamar ta fanko.

"Baba, simintin nan ya toshe masa numfashi. Ruwan ba ya fita, gishirin yana fasa shi ta ciki."

"Ke da kika san dutse a takarda? Kin taɓa lasa?"

Ta yi dariya, shi ma ya yi. Maganar ta tsaya nan.

Daminar bana aka kwana uku ana ruwa. Wata katanga a bayan layinsu ta faɗa wa Asibi mai ƙosai, aka ciro ta ba rai. Bayan mako guda ma'aikatan birni suka shigo suna duba gidaje. Ɗayansu ya ɓalle shafen Baba Rabe da takalmi, ya tura ɗan makulli cikin farin dutsen. Makullin ya shige har gindi.

"Papa, c'est fini," ya ce da Faransanci, wato ta ƙare, ya zana jan fenti a bango. Kwana goma a rushe.

Jannatu ta bi ofis-ofis tana roƙon a bar su su canza sahun ƙasa kawai. Aka ƙi. Ta dawo ta zauna a dakali, ta kasa kallon mahaifinta.

Bai jira motar rusau ba. Ya jingina tsani, ya hau da gwiwoyinsa masu ciwo, yana sauko da masu tokan ɗai-ɗai, Delu tana karɓa. Ko ɗaya bai lalace ba, suna nan kamar ranar da aka sauke su. Ya jera su a bakin kwata, don ba shi da wani filin da zai kai su.

Da ya iso sahun ƙasa ya ajiye guduma, don hannu ma ya isa. Ya ɗebi farin garin a tafinsa, ya kai baki, ya ji gishiri zalla.

"Da ma su na sa a ƙasa," ya ce, yana kallon tulin masu tokan.

Aka soma yayyafi, Delu ta tashi neman leda ta rufe katifu.