Gwiwar Surukata a Kasuwar Dungas

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma bai isa ya mantar da ni ranar da na durƙusa a tsakiyar kasuwar Dungas riƙe da ƙafar surukata ba. Bayan babban farin nan ne na shekarun saba'in. Ni baduku ne, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai.

Shekara shida ina auren ɗiyarta, ban taɓa haɗa ido da tsohuwar nan ba. In na hango ta a hanya sai in ratse gonar mutane, ko da ƙaya ce a ciki. In ta zo gidana, daga bayan danga nake gaishe ta. Haka al'ada take, amma ni na zaƙe fiye da kowa.

Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma durƙuso gaban dutsen niƙa ya cinye mata ƙoƙon gwiwar dama. In za ta miƙe, sai ka ji ƙaras-ƙaras daga inda kake. Aka kai ta gidan likita a Magariya, lokotoro, wato likitan, ya ce ƙashin ya goge, ta nemi abin ɗaure gwiwa mai riƙe ƙoƙon wuri ɗaya, zafin zai ragu. Ya ce sai a Damagaram ake samunsa. Da matata ta kawo mini labari, na ce, "Damagaram? Ga baduku a gida? Ki ce ma Inna ta kwantar da hankalinta."

Sai maganar awo ta taso. Ni da ba na duban fuskarta, ina ni ina taɓa gwiwa? Na ba matata kaba ta je ta auno. Ta dawo da ƙulli uku a jiki, ta manta wanne ne na sama. Nan dabara ta faɗo mini: in yi shi da ɗanyar fatar sa jiƙaƙƙiya, a sa ta da laushinta, ta ɗauki siffar gwiwar da kanta, babu ruwana da awo. Abin da ban tuna ba, ni da na sha rufe ganguna, shi ne ɗanyar fata in ta sha rana tsukewa take yi.

Ranar kasuwa da sassafe matata ta ɗinke mata ita a ƙafa. Tsohuwa ta ce sanyin ya yi mata daɗi, ta sa mini albarka, ta hau jakinta.

Wajen azahar ina rumfata sai ga wata mai nono da gudu. "Kai baduku, taso, aikinka zai kashe surukarka!" Na tarar da ita zaune kan tabarma, mata sun kewaye ta, ƙafar a miƙe sambal kamar taɓarya. Fatar ta bushe ƙamas ta nutse cikin nama, sawun ya kumbura, tana cewa ba ta jin yatsunta. An zuba ruwa har tulu biyu, a banza. Wani mahauci ya zaro wuƙarsa, ta ce in ya matso za ta kwaɗa mai ludayi. Na san in aka jima ƙafar ce za ta tafi.

Na durƙusa, na fito da askata. Amma ko a nan shashancina bai sake ni ba. Na kau da fuska gabas, na miƙa hannu yamma, ina lalube da aska kamar makaho. 

"Ɗan nan," in ji ta, karo na farko da ta yi mini magana kai tsaye, "ina kake dubawa?"

"Inna, kunya…"

"Kunya? In ka yanke mini jijiya, kunyar taka ce za ta kai ni gida? Juyo ka dubi abin da kake yanka!"

Aka bushe da dariya, har mahaucin sai da ya zauna a ƙasa. Na juyo, gumi na zuba, na kama gwiwar, na bi ɗinkin a hankali har fatar ta ɓalle. Sai a nan na ga gwiwar da na yi wa aiki: a kumbure, fatar duk ta yi kanta, ta shekara talatin tana niƙan da ya ciyar da matar da nake aure. Tausayinta ya kama ni har idona ya cika.

"To," in ji ta tana murza ƙafa, "tunda mutanen Dungas duk sun gani, auna ta yanzu kafin kunyar ta dawo."

Na auna. Na ɗinka mata wani da jemammiyar fatar akuya mai laushi, da rami daidai ƙoƙon, da igiyar da za ta sassauta da kanta. Da shi ta yi ta zuwa kasuwa har ƙarshen ranta.

Tun ranar na gane cewa kunyar da ta hana ka duban ciwon mutum ba girmamawa ba ce. Kanka kake karewa, shi kuma yana shan wuya.