Ranar da Yaya Hansai Ta Kama Sunan Ɗanta na Fari

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayata Hansai. Makon jiya muka taru a gidanta na Toranke aka yi mata addu'a, na dawo Gaya ina ta tuna wani yammaci da muka zauna ni da ita a gaban talabijin.

Hansai ba ta yi boko ba. Da mijinta ya rasu ita ta riƙe gonar gidan, gero da wake da gyaɗa, kuma ba a taɓa kwana da yunwa a ɗakinta ba. Ɗanta na fari, Habibu, a hannuna ya yi sakandare, lokacin ina aiki a sashen gona na ƙaramar hukuma. Ya karanci awon ƙasa, ya tafi ƙaro karatu Ireland, ya zarce da aiki a wani kamfanin gine-gine. Kamar sauran matan zamaninta, Hansai tana kunyar ɗan fari, ba ta kama sunansa. In ya bugo waya sai ta ce, "Lafiya lau, Allah ya yi albarka," ta miƙa wa na kusa da ita. In tana son labarinsa sai ta ce da ni, "Ɗan nan naka kuwa yana lafiya?"

Ranar ta zo Gaya ganin likitan ido, ta sauka a gidana. Bayan la'asar aka kawo wuta, na kunna wata tashar waje, sai ga shiri a kan karyewar arzikin Ireland. Da ta ji sunan ƙasar ta ajiye kwanon furarta, ta ce in riƙa fassara mata.

Aka nuna unguwa guda ta sababbin gidaje, fenti fes, ciyawa ta cinye ƙofofinsu, ko kare babu. Aka nuna magidanta a layi suna neman aiki, da wani ƙauye da ya kasa haɗa 'yan ƙwallo saboda samarinsa duk sun bar ƙasar.

"Gidajen nan na waye?" ta tambaya.

"Ba na kowa ba ne, Yaya. An gina, masu saye sun kasa."

"To masu ginawar fa, suna ina?"

Ni kaina ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba. Habibu kullum cewa yake komai lafiya, ni kuma na yarda.

Sai aka koma filin jirgi. Wata dattijuwa mai furfura tana sallama da ɗanta, ƙaton saurayi. Ta gyara masa wuyan riga, ta sake gyarawa, ta kasa sakinsa. Nan Hansai ba ta nemi fassara ba. Ta dai tambayi inda za shi, na ce Ostireliya, neman aiki.

"Ashe su ma suna cin rani," ta ce a hankali. Can ta ɗago. "In ɗan ƙasa bai samu ba, baƙo ne zai samu? Kira min shi."

Na kira, ta karɓi wayar da hannu biyu. Abin da na ji ya sa na gyara zama.

"Habibu," ta ce. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, shi ma haka. "Ka gaya min gaskiya. Kana da aiki ko ba ka da shi?"

Sai ya faɗa: kamfanin ya rufe tun watannin baya, yana sauke kaya a bayan wani kanti in an samu, takardunsa na zama sun kusa ƙarewa. Ya ce ba zai iya shiga Toranke hannu rabbana ba, bayan duk abin da aka kashe a kansa.

"Wa ya aike ka kawo wani abu?" ta ce. "In bakin mutane kake ji, ni zan tare maka. Ka taho. Gona ba ta rufe ba."

Ni a lokacin ra'ayina ya ƙara haƙuri ko abubuwa za su gyaru, kuma na gaya mata. Ta ce ta ga fuskar matar nan, ba ta buƙatar ƙarin bayani.

Habibu ya iso kafin faɗuwar damina. Ba a yi masa da sauƙi ba. A majalisa ana ce masa Bature, hannunsa ya yi bororo a noman farko, ya rame. Hansai ba ta lallashe shi ba, ba ta kuma bari a yi gulmarsa a tsakar gidanta ba. Sannu a hankali mutane suka gane yana da amfani: in 'yan'uwa sun yi saɓani a kan iyakar gona, shi ake kira ya auna. Ya haƙa rijiyar burtsatse ya fara noman rani, albasa da tumatir. Da ciwonta ya yi tsanani shi ya riƙa kai ta asibiti Kano, a gabansa ta cika.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Kusan kowane saurayi a Gaya da Ajingi yana riƙe da waya, yana kallon ƙasashen mutane, zuciyarsa tana can. Ina jin ba za ta hana kowa tafiya ba, don ba ta hana nata ba. Abin da zai ba ta mamaki shi ne Ireland ɗin ta farfaɗo, har ta kai yanzu kukan ƙarancin gidaje ake yi a can. Wasu abokan Habibu da suka daure sun yi ƙarfi sosai. Ba zan ce shawarata ba ta da hujja ba.

Shi ya sa bayan addu'ar, muna zaune a zaure, na tambaye shi ko yana nadama.

Ya yi dariya. "In na je sayen taki, Kawu, nakan yi." Sai ya sunkuyar da kai. "Amma da hannuna na sa ta a kabari. Wannan ba na canza shi da komai."

Hansai ba ta bar gida a birni ba, ɗakinta ma ruwa ya cinye an sake ginawa. Abin da ta bari ɗabi'a ce da ta zauna a zuriyarta. Yaran gidan suna fita, Kano da Legas da inda ya fi nan nisa, wasu su samu, wasu su rasa. Wanda ya rasa ba ya ɓuya, ba ya ƙarya a waya. Yakan shigo da rana tsaka da jakarsa, a shimfiɗa masa tabarma, a ba shi ruwa, a tambaye shi gajiyar hanya, shi ke nan. Na zaga gidaje da yawa a aikina, kaɗan na gani da wannan arzikin.

Allah ya haskaka kabarinki, Yaya, ya karɓe ki yadda kika karɓi naki.