Naushin Da Arzika Bai Gani Ba

Arzika mahauci ne ɗan mahauci a Bungudu. Kullum yana kan teburinsa a kasuwa, da kaka kuwa sai ya ɗaure hannu ya shiga dambe. Ba shi da wani ƙarfi na a zo a gani, ido ne ya ɗaukaka shi. Kafin abokin karo ya motsa kafaɗa, ya riga ya kauce.

Bara waccan a Tsafe wani sabon shiga ya kai shi ƙasa. Faɗuwa ba baƙuwa ba ce a dambe. Abin da ya tsaya masa a rai, ko alamar naushin bai gani ba. Ta hagu ya zo, sai dai ya ji.

Bai faɗa wa kowa ba, amma ya fara lura. Mai sayen nama zai tsaya a gefensa har sai ya yi gyaran murya. Babur zai gifta, iskarsa kawai zai ji. Ga shi kuwa idan ya dubi gabansa komai tar. To ina ciwon yake? Har sammu ya zarga.

Matarsa Mansura ce ta gano shi, ranar da ta miƙo masa ruwa har hannunta ya gaji.

"Malam, ba ka gan ni ba?"

Ya juyo ya karɓi ruwan.

"Gobe Gusau za mu," in ji ta.

A asibitin ido, wata ma'aikaciya mai suna Rut ta rufe masa idon dama, ta sa ya ɗora haɓa a bakin wata na'ura mai kama da ƙwarya, ta ba shi abin dannawa.

"Kafa ido a tsakiya. Duk inda haske ya ƙyafta, ka danna. Kada ka bi shi da kallo."

Da farko ya yi ta dannawa. Can sai ya daina ganin komai. Na'urar ce ta tsaya, ko hasken na nan shi ne ba ya gani?

Likita ya ce lafiyayyen ido, ko yana kallon gaba, yana tsinkayar motsi har kusan saitin kafaɗa. Nasa na hagu ya tsuke, na dama ma ya soma. Hawan jinin ido ne.

"Abin da ya tafi ba ya dawowa. Saura za mu tsare, da maganin ɗigawa."

"Dambe fa?"

Likita ya girgiza kai.

Arzika bai sake ɗaure hannu ba. Ya juya teburinsa ya sa bango a hagunsa. Mansura ke ɗiga masa magani safe da yamma. Ana sake gwajin lokaci-lokaci, kuma har yau ba a ce abin ya ƙaru ba. Duk da haka, ranar komawa Gusau ko kunu ba ya iya sha.