Ruwan da Abokina Ya Bar Mini Amana

Shekarun baya, ina sabon malami a wata sakandare a Ƙaraye, na yi aboki mutumin kudu, ɗan bakin teku, mai koyar da kimiyya. Gida ɗaya muke haya, ƙofarsa tana kallon tawa. Yana da aure, amma matar tana can garinsu. Ta taɓa zuwa ta yi sati biyu ta koma, ta ce ita ba za ta iya zama inda ba ta jin warin teku ba. Abin yana cin sa ƙwarai. Ya ce mini zai sake ɗauko ta, in ta ƙi zama a wannan karon, ajiye aikin zai yi ya bi ta.

Dabarar da ya yi ita ce ya haɗa wani ɗan akwatin gilashi, ya shimfiɗa yashi da duwatsun da ya zo da su daga bakin teku, ya dama gishirin can a ruwan rijiya ya zuba, ya sa ɗan inji mai hura iska. Kifi kuwa babu ko ɗaya. Lokaci-lokaci sai ya jefa ɗan ɓarɓashin busasshen kifi ya bar shi ya ruɓe. Sati shida yana wannan hidima. Ni kuwa ba na raga masa. Kullum da safe sai na leƙa na ce, "Malam, ya kwanan dabbobi? Sun sha ruwa kuwa?" Yakan yi dariya ya ce ruwan bai nuna ba tukuna.

Da aka yi hutu ya tafi ɗauko matar da kifayen, ya bar mini makulli. Ya ce duk Asabar in kwashe kwano biyu kacal, in mayar da biyu daga jarkar ruwan gishirin da ya haɗa. Na ce wannan ai ba aiki ba ne.

Ana saura kwana biyu su dawo, na duba na ga wata irin gansakuka ruwan ƙasa ta rufe duwatsun da gilashin. Kunya ta kama ni. A ce baƙuwa ta yi tafiyar kwana biyu ta tarar da wannan ƙazanta? Na naɗe hannun riga, na ɗauko soso da sabulu, na fara fito da kaya tsakar gida. Rabin ruwan na sheƙar a ƙasa, duwatsu biyu kuma na goge su fes, ina ta jin kaina.

A lokacin mahaifiyata ta zo mini daga garinmu Zoza. Bafulatana ce, duk rayuwarta a kan shanu da nono ta yi, ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba. Tana zaune a tabarma tana kallona, sai ta ce, "Kai, shi mai abin cewa ya yi ka wanke?"

Na ce, "Inna, ragewa ya ce in yi, amma ai kin ga dattin."

"Sati nawa ka ce ya yi yana jira?"

"Shida."

Ta ce, "To, mai hankali ba ya zaman jiran ruwa sati shida. Akwai abin da yake so ya kama a ciki. Ni in na tatso madara, sai na ɗiga mata tsohon nono kafin ta yi kindirmo. Wannan dattin da kake gani, wa ya sani ko shi ne tsohon nononsa?"

Na yi dariya, har da cewa wannan harkar kimiyya ce. Wallahi haka na faɗa, ni da ko darasi ɗaya na kimiyya ban taɓa koyarwa ba. Tashi kawai ta yi ta jawo bahon da na juye yashin da sauran duwatsun, ta ajiye a gabanta ta ɗora hannu a kai. Ta ce, "In ka isa, zo ka ɗauka."

Ban isa ba. Haka na mayar da komai ina ƙunƙuni, na cike gurbin da ruwan jarka, duwatsun nan biyu masu ƙamshin sabulu kuma na jefa su bayan katanga.

Suka iso da ƙananan kifaye huɗu a jarka, ɗaya ya mutu tun a hanya. Abokina ya duƙa ya ga gansakukar nan, sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ya nuna!" A nan ya bayyana mini cewa wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suke zama a jikin yashi da duwatsu, su ke cinye gubar kashin kifi. Da an wanke su, kifayen ba za su yi sati ba, kuma ga shi gishirin ya kusa ƙarewa. Ya riƙe hannuna yana ta godiya, wai na iya riƙon amana. Na saci kallon Inna, ta kawar da kai ta ce, "Ai malami ne."

Kifaye ukun nan suka rayu. Matar takan ja kujera ta zauna gabansu, wani lokacin ta tsoma yatsa ta ɗanɗana. Hutu ya zo ya wuce ba ta yi zancen komawa ba. A Ƙaraye ta haifi 'ya'yanta duka.

Ni kuwa na karɓi yabon da ba nawa ba na riƙe shekara da shekaru. Sai da Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa, suka zo Zoza ta'aziyya, sannan na zaunar da su na faɗa musu gaskiya, har da duwatsun bayan katanga. Na zaci abokina zai yi dariya, amma bai yi ba. Matar kuwa, da Hausarta da ta riga ta goge, ta ce, "Ashe ita ta zaunar da ni a garin nan, ban taɓa ce mata na gode ba."

Har yau in na tuna, godiya da kunya tare suke zo mini, domin ni ma ban taɓa ce mata ba. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta.