Takardar Ƙosai

Duk ɗakunan karatun da na shiga a rayuwata, babu wanda ya kai kaskon ƙosan bakin layinmu na Kambarawa kwarjini. Na faɗi haka bayan shekaru masu yawa ina koyarwa, kuma ban ga dalilin janyewa ba.

Tsohuwar da ke tuyar, wadda kowa ke ce wa Inna, ba ta san boko ba, amma ita ta fara ba ni littafi. Tsofaffin littattafai ake sayo mata daga Babbar Kasuwa, tana yagowa tana ƙunshe ƙosai. Wata safiya ina aji huɗu aka aike ni, na taho ina karanta ƙunshin. Mai ya ratsa shafin har ana ganin rubutun baya, amma ya karantu. Sai da mai keke ya buga mini ƙararrawa na san a tsakiyar hanya nake tsaye.

Labarin wata mata ne mai ɗinki. Idan ana yi mata magana sai ta zuba wa bakin mai maganar ido, ta yi shiru, ta jima, sannan ta ba da amsa gajeriya. An zage ta a gidan biki, ko waiwayowa ba ta yi ba. Ni da na tashi a gidan da mutum uku ke magana lokaci ɗaya, ban taɓa sanin Allah ya halicci irin wannan ba. Na ƙudura sai na gano inda ta samo wannan natsuwa.

Kullum da safe ni ce gaban kasko.

"Ke ɗiyar nan, ƙosai kika zo saye ko takarda?"

"Inna, don Allah daga wancan littafin za ki yago mini."

"Mi ya raba shi da wannan? Duk mai suke sha."

Ta yago dai, tana dariya. Shafi goma sha biyu na samu kafin littafin ya ƙare. Farkonsa da ƙarshensa sun shiga gidajen maƙwabta, an ci an yar.

Da waɗannan shafuka na gina kaina. Na koyi kallon bakin mutane. Na koyi jinkirta amsa, har mahaifiyata ta taɓa goshina ta ce, "Ke, lafiyarki kuwa?" A makaranta aka ce ina da zurfin ciki, daga baya aka ce hankali ne. Da wannan shirun na riƙe aji mai ɗalibai fiye da kujerunsa. Ɗalibin da ya yi ƙarya, kallo kawai nake yi masa, ya warware ta da kansa. Har yau abin na ba ni mamaki, a ce takarda mai ƙamshin wake ta zaɓa wa mutum halin da zai mutu da shi.

Bara, ina ratsa Babbar Kasuwa, na ga littafin a shimfiɗar wani mai tsofaffin littattafai, cikakke har da bangonsa. Na gane shi daga layi ɗaya. Na buɗe daga farko, a tsaye cikin rana, don in ji a ƙarshe wace tarbiyya ce ta yi matar nan.

A shafi na biyu aka faɗa. Kurma ce.